A tuhumi mai tsara gasa kafin ɗan wasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga a shafin wasanni game da 'yan wasan da ke faɗuwa da gangan, inda marubucin ya nemi a riƙa korarsu har abada. Rabin maganarsa na yarda da ita. Wanda ya karɓi kuɗin 'yan caca ya sayar da wasa ɓarawo ne, kuma ba zan tsaya masa ba. Amma ya haɗa shi a buhu ɗaya da wani daban, wato ɗan wasan da ya duba jadawali ya ga nasarar yau ce za ta toshe masa hanyar kofi.

Ku tuna abin da ya faru a wasan badminton na mata 'yan bibbiyu a Olamfik ɗin Landan, 2012. A da kifa ɗaya kwala ake yi, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. A shekarar ne aka fara shigo da wasan rukuni, kuma tun kafin a buga kowa ya san inda na ɗaya da na biyu za su faɗa a zagaye na gaba. Sai 'yan Denmak suka yi ba-zata suka doke Tian Qing da Zhao Yunlei na Sin. Wannan ya sa idan Wang Xiaoli da Yu Yang, zakarun duniya a lokacin, suka ci rukuninsu, za su yi karo da 'yan ƙasarsu tun a wasan kusa da na ƙarshe, idan kuwa suka faɗi, sai a wasan ƙarshe. Abokan karawarsu 'yan Koriya ta Kudu su ma sun iya lissafi. Aka shiga fili kowa na neman a cinye shi, wannan ta buga cikin raga, waccan ta buga waje, 'yan kallo a zauren Wembley suna ta ihun takaici. Da aka zo wasan wasu 'yan Koriyar da 'yan Indonesiya, aka maimaita, don kowa na gudun haɗuwa da su Wang. Washegari aka kori mata takwas.

Abin da suka yi babu kyan gani, kuma wanda ya sayi tikiti an cuce shi. Sai dai fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yarinyar da ta shafe shekara huɗu tana atisaye saboda lambar zinare, kocinta kuma ya nuna mata cewa faɗuwa ce hanya, me ake so ta zaɓa? Hukumar badminton ta duniya ma ta san inda tsagar take, shi ya sa a Rio, 2016, ta sa a sake jefa ƙuri'a bayan wasannin rukuni. Da wannan ɗan gyaran aka rage wa faɗuwar gangan riba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kora ɗin, Greysia Polii, ita ce ta ɗauko wa Indonesiya zinare a Tokyo. Da an bi shawarar marubucinku, da ba ta je ba.

Masu son ƙwallon ƙafa kuwa ba su manta da wasan da aka yi a birnin Gijon na Sifaniya ba. A gasar cin kofin duniya ta 1982 Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2-1, ta kuma gama wasanninta kwana ɗaya kafin Jamus ta kara da Ostiriya. Duk biyun sun shiga fili da sanin cewa idan Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, tare za su wuce. Hrubesch ya zura ƙwallo a wajen minti na 10, daga nan aka yi ta miƙa wa juna ƙwallo har alƙalin wasa ya busa tashi. Ba a hukunta kowa ba, domin ba dokar da aka karya. Abin da FIFA ta yi shi ne daga 1986 ake buga wasannin ƙarshe na kowane rukuni a lokaci guda.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Barbados da Grenada a wasannin neman shiga gasar kofin Caribbean a 1994. Masu gasar sun ce ƙwallon da aka ci a ƙarin lokaci biyu take. Barbados na buƙatar tazarar ƙwallo biyu, tana kan 2-1 lokaci na ƙarewa, sai ta zura wa kanta don a je ƙarin lokaci. Grenada ta shiga neman ci a kowace raga, Barbados na tsare duka biyun, kuma a ƙarshe dabarar ta yi mata aiki. Wa za a kora a nan, in ba wanda ya rubuta dokar ba?

Ina roƙon marubucinku ya juya alƙalaminsa kan tsarin da aka yi wa gasar duniya ta 2026: ƙasashe 48, rukuni 12, da takwas mafiya maki cikin waɗanda suka zo na uku. FIFA ta yi daidai da ta janye shirin rukunin ƙasashe uku-uku, amma tsagar na nan. Rukunan da ke gamawa a ranar ƙarshe sun riga sun san maki da ƙwallaye nawa ke wucewa da na uku, alhali wadda ta gama da wuri tana zaune a masauki tana kallon talabijin, kamar Aljeriya a 1982.

Naku,
Mai karanta shafin wasanni