A daɓe mana rabin fili, yaran Kaduna za su yi sauran

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan ƙwallon kwando, wasan da na ba shi ƙuruciyata, wanda ba kasafai muke ganinsa a shafin wasanni ba sai ranar da 'yan matanmu na D'Tigress suka ciyo kofi.

Ni haifaffen Tudun Wada ne a nan Kaduna. Ina aji biyu a sakandare wani malami ya dubi tsawona, ya miƙo mini ƙwallo ya ce in jefa. Kambas ɗina na farko gwanjo ne daga Kasuwar Barci, ya yi mini yawa sai da na cusa tsohuwar jarida a bakinsa. Da shi na riƙa takawa zuwa filin wasa na Ahmadu Bello kullum bayan la'asar. A lokacin duk yaron da ke jefa ƙwallo a Arewa idonsa na kan Zariya, inda Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ake kira OBJ, ya raini 'yan wasa masu yawa. Ta hannunsa Masai Ujiri ya bi, wanda ya girma a Zariya ya je ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Mun girma muna jin sunan Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyar da ya yi fice a NBA, kowa yana mafarkin tafiya Amurka.

Allah bai nufe ni da Amurka ba. Shekara 9 na yi ina buga gasar lig ta cikin gida, na sa rigar ƙungiyoyi uku. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba, domin akwai mutanen kirki a cikinsu da suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma zan faɗi yadda rayuwar take. Mukan tashi daga Kaduna da daddare a ƙaramar bas, mutum mai tsawon kusan mita 2 ya naɗe ƙafafu har Legas, a sauke mu da hantsi, da yamma a ce mu shiga fili. Mu huɗu a ɗaki ɗaya. Alawus na wata uku sai a biya na wata ɗaya, a ce a yi haƙuri fayil yana sama. Wata shekarar ma mun yi atisaye wata biyar cur, gasar ba ta fara ba. Duk da haka ranar wasa idan zaure ya cika, ka tashi sama ka danna ƙwallo cikin kwando mutane suka miƙe da ihu, wallahi kakan manta da bashin mai shago. Ba na da-na-sanin ko kwana ɗaya a ciki.

Ina da shekara 29 gwiwata ta dama ta goce a wani wasa. Babu inshora, kwantiragina kuma takarda ce guda ɗaya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta sayar da 'yan kunnenta aka yi mini magani. Da na warke ƙungiya ta riga ta ɗauki wani yaro a gurbina, shi ke nan wasa ya ƙare. Wannan a 2012 ne, kuma daga baya na gane cewa a shekarar ce aka buga gasar cin kofin duniya ta farko ta ƙwallon kwandon uku-uku a birnin Atina na Girka. Ni kuwa ko labarin ban ji ba.

A kan uku-ukun nan nake so in ja hankalin masu karatu. Mu da can wasan ɗumama jiki muka ɗauke shi, abin da ake yi idan mutane ba su kai goma ba. Yanzu hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta tsara masa dokoki, kuma ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo da aka yi a 2021. Rabin fili ake bukata, faɗin mita 15, tsawon mita 11, da kwando ɗaya. Kowane ɓangare mutum uku ne a ciki, ɗaya a benci. Minti 10 ake yi, ko kuma wanda ya riga kai maki 21 ya ci. Jifa daga cikin baka, wato lanƙwasasshen layin da ya kewaye kwando, maki 1 ne, daga bayansa maki 2. Daƙiƙa 12 kacal gare ka ka jefa, ba 24 ba irin na babban wasa. Idan aka ci ku babu tsayawa a fitar da ƙwallo gefe, a ƙarƙashin kwandon za ka cafe ta ka fitar da ita bayan baka, ka juyo. Ƙwallon ma daban take, girmanta na ƙwallon mata, nauyinta na ƙwallon maza. Kuma koci ba shi da ikon ba da umarni ana cikin wasa, yara su za su yi wa kansu tunani. Wanda ya ce wasan malalata ne, ya zo ya gwada minti uku ya ji yadda ƙirji ke zafi.

Daren 5 ga Agusta 2024 na roƙi mai gidan kallon ƙwallo na layinmu ya juya mana tasha, muka zauna da yaran da nake koya wa wasa muka kalli wasan ƙarshe na maza a Faris, Holan da Faransa. Akwai wani ɗan wasan Holan, Worthy de Jong, haifaffen ƙasar Suriname, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana buga lig a ƙungiyar garin Leiden kafin ya koma uku-uku. Shekararsa 36 a ranar. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, inda wanda ya riga samun maki 2 shi ne zakara. Faransa ta ci ɗaya, duk filin ya ɗauka an gama. Sai mutumin nan ya ja da baya, ya saki ƙwallo daga bayan baka da mai tsaro a fuskarsa, ta faɗa. 18 da 17, zinare ya tafi Holan. Yara suna ta tsalle, ni kuwa na yi shiru na dafa gwiwata. Mutumin da ya girme shekarun da na bar wasa da shekara bakwai, ga shi da lambar zinare a wuya, saboda a ƙasarsu da ƙofar lig ta fara rufewa akwai wata a buɗe.

Malam Edita, ƙungiyar mutum biyar-biyar sai da 'yan wasa 12, da koci, da mota, da masauki, da zaure. Sai gwamnati ko babban kamfani ke iya riƙe ta, ranar da suka janye hannu kuma yara su watse, wani ya koma tuƙa Keke Napep, wani ya zauna a majalisa. Ƙungiyar uku-uku kuwa mutum huɗu ne, tasi ɗaya ta ishe su zuwa Zariya ko Kano. Sannan kowane ɗan wasa yana iya yin rajista kyauta a shafin FIBA na intanet, duk gasar da aka yi wa rajista kuma maki take ƙara masa da sunansa, ko a Kawo aka buga ta. Da makin 'yan wasa ake auna matsayin ƙasa. Latbiya, wadda mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, ita ta ci zinaren maza a Tokyo. Mongoliya ta kai 'yan matanta wannan gasar. Mu ma ba baƙi ba ne, Najeriya ce ta ci kofin Afirka na maza na farko a Lome a 2017. To me ya hana Kaduna?

Abin da ya hana shi ne fili. Inda nake horar da yara, wani bawan Allah ne ya ba mu aron bayan gidansa. Mai walda ya lanƙwasa mana rodi ya yi zobe, kafinta ya buga allo, ragar kuwa wata yarinya ce a cikinsu ta saƙa da igiyar shanya. Ƙasa ce tsurarta, ba daɓe. Da damina sai mu yi mako ba mu taɓa ƙwallo ba, da hunturu kuma ƙura ta cika mana maƙogwaro. Yara sun haura 30, har da 'yan mata da iyayensu suka yarda suna zuwa da dogon wando da ɗankwali. Ranar Asabar wasu sukan tsallako gada daga Barnawa da Kakuri, a haɗa su da 'yan Tudun Wada da Rigasa a ƙungiya ɗaya, babu mai tambayar wani inda yake ibada. Akwai wani ɗan shekara 15 mai hannun hagu, na rantse ban taɓa ganin mai jifa irinsa ba a shekarunsa, har cikin waɗanda na yi lig da su. Da silifas yake zuwa, ya cire ya buga ba takalmi.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Chikun, da 'yan majalisarmu, da masu hannu da shuni: ba zaure muke nema ba. A daɓe mana rabin fili da siminti a harabar makarantun firamare, a kafa ƙarfe ɗaya mai ƙwari, a ja layi da fenti. A shirya gasa tsakanin unguwanni ko da sau huɗu a shekara, a yi mata rajista yadda makin yaran zai shiga lissafi. Mu tsofaffin 'yan wasa muna nan da yawa a garin nan, za mu yi alƙalanci da horarwa ba tare da an biya mu ba. Ku kuma 'yan jarida, ku turo wakili ya zo ya gani da idonsa.

Mun fara karo-karo a tsakaninmu, zuwa yanzu mun sayi buhun siminti 6 suna ajiye a shagona. Birkilan da ya auna wurin ya ce da sauran tafiya, amma ya yi alkawarin ba zai karɓi kuɗin aiki ba, domin ɗansa na cikin yaran.

Na gode.

Daga tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando,
Tudun Wada, Kaduna.