Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Tafiyar Babur Daga Land's End Zuwa John o' Groats

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya maza da mata, malamanmu, 'yan uwa na Landan da Birmingham da Manchesta da sauran garuruwa, ga rahoton ofishin sakatare na bana. Lissafin kuɗi, shiga da fita, yana cikin takardar ma'aji wadda mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu, kuma za a karanta ta a zauren taro. Saboda haka ba zan maimaita alƙaluma a nan ba. Nawa shi ne in faɗi abin da aka yi, da yadda aka yi shi, da dalilin da ya sa aka bi wannan hanya.

Ayyukanmu na kullum sun gudana kamar yadda aka saba. Ajin Hausa na yara ranar Asabar bai tsaya ba, an yi buɗa-baki na haɗin gwiwa a azumi, an je gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa, an kuma tarbi sababbin ɗalibai da suka iso a farkon zangon karatu. Wanda ya fi cin lokaci da ƙarfin kwamiti shi ne tafiyar babur ta neman taimako, wadda babban taron bara ya amince da ita, kuma a kanta mafi yawan rahoton nan zai tsaya.

Na fara da inda kuɗin ya nufa, domin tambayar da aka fi yi mana ke nan. Mun tara kuɗin ne da sunan Two Wheels for Life, ƙungiyar agaji mai rajista a Birtaniya, wadda aka kafa a 2016, kuma ita ce ƙungiyar agajin da gasar tseren babura ta MotoGP ta ɗauka a hukumance. Abin da take tarawa yana tallafa wa aikin Riders for Health, mai kula da baburan ma'aikatan lafiya, a ƙasashen Lesoto, Malawi, Gambiya da Najeriya. Asalin aikin ya koma shekarun 1980, lokacin da ɗan tseren babur na Amurka Randy Mamola, tare da Barry Coleman da Andrea Coleman, suke tara wa Save the Children kuɗi a wuraren tsere. A 1988 aka kai Randy da Barry Somaliya su ga inda taimakon yake zuwa. Can suka tarar da baburan da aka saya domin ma'aikatan lafiya a jibge, wasu ko tsufa ba su yi ba, sun mutu saboda rashin ɗan abin gyara da rashin wanda ya san yadda ake kula da su. Daga wannan gani aka gina tsarin da ake bi har yau: a koya wa ma'aikacin lafiya tuƙi da duba mashin ɗinsa kowace safiya, a sa makanikai su riƙa zagayawa suna canza baƙin mai da birki da taya kafin su lalace, a kuma yi kasafin abin da kowace kilomita za ta ci tun kafin a tayar da inji. A 1996 Riders for Health ta zama ƙungiya mai cin gashin kanta.

Wannan shi ne abin da ya ja hankalin kwamiti, kuma ni kaina ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taso a gida ya san motar asibiti da aka kawo da biki da jawabai, bayan shekara biyu ka same ta a bayan ofishin ƙaramar hukuma an ɗora ta a kan bulo, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Mai bayarwa yana son a ga sabon abu da sunansa a jiki. Fulogi da sarƙa da albashin makanike ba mai ɗaukar hoto da su, alhali su ne suke sa ungozoma ta isa ƙauye ranar da ta ce za ta zo. A Lesoto, ƙasar tsaunuka da babu inda ya yi ƙasa da mita 1,000 a cikinta, mahaya babur ne suke ɗaukar jini da majinar masu tari daga ƙananan asibitoci zuwa ɗakin gwaje-gwaje, su komo da sakamako, domin a fara ba mai tarin fuka ko mai cuta mai karya garkuwar jiki magani da wuri. Yawancin alluran rigakafi kuma sai an riƙe su a sanyin da bai fita daga digiri 2 zuwa 8 ba, don haka mashin da ya mace a hanya da tsakar rana yana iya jawo asarar akwati guda.

An yi muhawara mai zafi a taron kwamiti, kuma ya dace 'yan ƙungiya su sani. Wasu daga cikin dattawanmu sun ce ga asibitocin garuruwanmu babu gado babu magani, me zai kai kuɗinmu Lesoto? Magana ce mai nauyi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma jinkirin isa asibiti yana daga cikin manyan dalilai. Babu ɗayanmu da ba shi da 'yar uwa ko maƙwabciya da abin ya shafa. Abin da ya raba gardama abu biyu ne. Najeriya tana cikin ƙasashen da aikin ya shafa. Sannan mu a yanzu ba mu da wakili a gida da zai bi diddigin babur har shekara uku ya tabbatar ana canza masa mai, kuma ba za mu karɓi kuɗin jama'a mu zuba inda ba za mu iya ba da bayani ba. An rubuta buƙatar dattawan a cikin ajandar baɗi.

Batun tara kuɗin kansa ya koya wa da yawanmu dokokin ƙasar nan. Ƙungiyarmu ba ta da rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, saboda haka ba mu buɗe asusu da sunanmu ba. Shafin JustGiving na tara gudummawa ta intanet muka buɗe, wanda yake tura kuɗi kai-tsaye ga ƙungiyar da aka yi domin ta, ko kwabo bai bi ta hannun ɗan kwamiti ba. Amfanin haka na biyu shi ne tsarin Gift Aid, inda hukumar haraji take ƙara fam 1 a kan kowane fam 4 da mai biyan haraji ya bayar: wanda ya ba da fam 20, fam 25 ne zai isa. Sai dai akwai sharaɗi. Dole kuɗin ya zama na mai bayarwar ne shi kansa, kuma yana biyan harajin da ya kai abin da za a karɓo. Iyayenmu mata na adashi sun haɗa gudummawarsu wuri guda suka damƙa wa uwar adashi ta tura. Da ma'aji ya yi mata bayani, sai ta mayar wa kowace da nata, ta zauna da wayarta a falo tana nuna musu ɗaya bayan ɗaya yadda za su tura da sunansu, waɗanda ba sa biyan haraji kuma ta hana su zaɓar Gift Aid a shafin. Wannan zama ya ɗauke ta yini guda. Allah ya saka wa Hajiya da alheri.

Akwai abubuwa biyu da muka kai wa malamai. Na farko zakka: mutane da dama sun tambaya a cikin azumi ko za su iya fitar da zakkarsu a nan. Amsar da aka ba mu ita ce zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60, kuma tunda ba mu da ikon tantance wanda kuɗin zai taɓa, a bar shi a matsayin sadaka. Haka muka rubuta a saman shafin. Na biyu, irin tikitin nan da ake sayarwa a wuraren tara kuɗi a ƙasar nan, a jefa ƙuri'a wani ya ci kyauta. Abokan aikin wasunmu sun ba da shawarar a yi, don yana kawo kuɗi da sauri. Malamai suka ce caca ce, muka bar shi. A madadinsa aka yi ranar cin abinci, da masa da miyar taushe da tsire da zoɓo da kunun aya, aka rufe da gwanjon huluna da turare da atamfofi da 'yan uwa suka bayar. Ita ma Two Wheels for Life gwanjo take yi kowace shekara a filin tseren Silverstone, a bikin da ake kira Day of Champions, inda ake sayar da kayan 'yan tsere. Karɓar kuɗi a bakin titi da bokiti kuwa sai da izinin hukuma, don haka muka tsaya a cikin zaure da harabar masallatan da suka ba mu dama bayan Juma'a.

Ƙa'idar da kwamiti ya kafa tun farko, wadda nake roƙon a riƙe ta ko bayan mun sauka, ita ce kowane mahayi shi zai biya man mashin ɗinsa da masaukinsa da abincinsa. Wanda ya ba da fam 10 domin lafiyar wani bai bayar don a saya wa wani fetur ya je yawon buɗe ido ba. Wannan ƙa'ida ta sa wasu matasa masu sha'awa suka janye, abin bai yi mana daɗi ba, amma ita ce ta sa muka iya kallon kowane mai bayarwa ido da ido.

Ita tafiyar, nisanta kamar yadda aka saba ƙirgawa mil 874 ne, kusan kilomita 1,400, daga ƙarshen Cornwall a kudu maso yamma zuwa ƙuryar arewa maso gabashin Sikotland. Ya fi Legas zuwa Kano nesa ba kusa ba. Da yawa cikin mahayanmu sun iya mashin tun suna yara, amma iyawa daban, takarda daban. Wanda bai da cikakken lasisin babur sai ya yi horon farko na CBT, ya liƙa alamar L ta mai koyo, mashin ɗinsa kada ya wuce 125cc, ba ya ɗaukar fasinja, kuma ba ya hawa manyan titunan mota irin su M5 da M6. Tunda akwai irin waɗannan a cikinmu, sai aka tsara hanya ta ƙananan tituna domin a tafi tare a iso tare. Kafin tashi an duba inshorar kowa, da takardar MOT ta gwajin lafiyar abin hawa ga mashin da ya haura shekara uku, da hular kwano da safar hannu da rigar ruwa. Wata mota ta biyo baya da kayan gyara, akwatin taimakon gaggawa da tabarmin sallah.

An tashi a watan Yuni, aka bi titin A30 aka fita daga Cornwall, aka haura ta tudun Shap zuwa Carlisle, aka tsallaka iyaka a Gretna. Daga Glasgow aka ɗauki A82 ta gefen Loch Lomond da Glencoe da Fort William har Inverness, sannan A9 da A99 ta Wick. Ruwa da iska sun yi mana rakiya a tsaunuka, ga ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke taso wa mutum da zarar ya cire hula. A wannan wata rana ba ta faɗuwa a arewacin Sikotland sai bayan ƙarfe 10 na dare, kafin ƙarfe 5 kuma gari ya waye, don haka malaminmu ya tsara mana lokutan ƙasaru da haɗa salloli tun kafin mu bar gida.

Abu ɗaya da ya faru a Glencoe ya cancanci shiga rahoto. Sarƙar ɗaya daga cikin ƙananan baburan ta saki a kan hawa, ruwa na zuba. Ɗan uwanmu da ya yi shekaru yana gyaran mashin a gida kafin ya zo nan ya durƙusa a kan tsakuwa, yatsunsa sun ƙage don sanyi, wani ya riƙe masa lema, ya sassauta goron taya ya ja ta baya ya ɗaure ya shafa mai, muka ci gaba. Da yamma a masauki ya tara mahaya duka ya sa kowa ya duba sarƙarsa da iskar tayarsa da fitilunsa, ya ce daga yau ba mai tayar da inji da safe sai ya yi haka. Hoton durƙuson nan da aka sa a shafinmu a daren ya jawo gudummawa fiye da duk wani hoto da muka ɗauka a ƙarƙashin allon John o' Groats, har daga mutanen da ba su san mu ba. Alhamdu lillahi kowa ya koma gidansa lafiya, babu wanda ya faɗi.

Godiya ta musamman ga masallatan da suka yi mana sanarwa, da 'yan uwan da suka sauke mahaya a gidajensu a hanya, da matasan da suka riƙe shafukan Facebook da WhatsApp suna sanar da inda aka kai, da matan mahaya da suka riƙe gida da yara. 'Yan uwanmu na Nijar da Gana da ke cikin ƙungiyar sun yi rawar gani a ranar cin abinci.

Abubuwan da ke gaban babban taro su ne waɗannan. Akwai alƙawuran da aka rubuta a takarda ba a cika ba tukuna. Ma'aji zai tuntuɓi kowa a asirce, ba za a karanta sunan kowa ba. Akwai shawarar yin rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, wadda doka ta wajabta a Ingila da Wales idan kuɗin shigar ƙungiyar agaji ya haura fam 5,000 a shekara. Rajistar tana buƙatar amintattu da rahoton kuɗi duk shekara, don haka a zo da sunayen waɗanda za su iya ɗaukar nauyin. Sai buƙatar dattawa ta a nemi asibitin karkara guda a gida da za a tallafa wa. Ra'ayin kwamiti shi ne duk wanda zai kawo sunan asibiti ya haɗo da sunan wanda zai riƙa kula da mashin ɗin da kuma kasafin gyaransa na shekara uku. Masu son shiga tafiyar baɗi kuma su fara neman lasisi tun yanzu, su ba da sunansu a ofishin sakatare kafin ranar taro.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya