Fim ɗin ruwa da ya hana ni barci

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya baƙunta? Mu nan damina ta kankama, kwana uku ke nan ba mu ga rana ba.

Daren jiya, ruwa yana dukan kwanon ɗakina, na kalli The Last Wave, wanda Peter Weir ya shirya a Ostireliya a 1977. Labarin wani lauya ne a Sydney, Richard Chamberlain ya fito a matsayinsa. Aikinsa harkar haraji ce, sai aka ba shi shari'ar wasu 'yan asalin ƙasar da ake tuhuma da kisan ɗan'uwansu. Daga nan mafarkai suka sako shi a gaba.

Wallahi ban taɓa ganin an sa ruwa ya zama abin tsoro haka ba. Da farko yara suna wasa a wata makarantar ƙauye cikin sahara, sama garau, babu ko ɗigon hadari, sai tsawa, sai ƙanƙara manya-manya ta fasa taga. Can kuma a gidan lauyan suna cin abinci, ruwan baho ya cika ya biyo matakala yana gangarowa a hankali. Babu dodo, babu ihu, amma sai da na tashi na duba ƙofata.

Sai David Gulpilil, ɗan asalin ƙasar da ya fito a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma. Mutumin nan shirunsa ya fi maganar wasu nauyi. Akwai inda ya zo cin abinci gidan lauyan tare da wani dattijonsu mai suna Charlie, bayan matar gidan ta faɗa wa mijinta cewa kakanninta ma a ƙasar aka haife su, amma ba ta taɓa haɗuwa da ɗan asalin ƙasar ba. Kallon da dattijon ke bin ɗakin da shi kaɗai ya isa labari.

Abin da ya sosa mini rai shi ne, duk asirin da ke cikin labarin na 'yan asalin ƙasar ne, dokarsu ce, kakanninsu ne, amma a ƙarshe Baturen lauyan aka mayar da shi mai ganin gaibu, su kuma suka koma 'yan rakiya. Abokan aikinsa suna ta cewa babu sauran masu bin al'adar gargajiya a cikin birni, wannan ita ce maganar da na so a tona sosai, sai aka bar ta aka shiga ramukan ƙarƙashin gari. Tsakiyar fim ɗin ma yana jan ƙafa. Igiyar ruwan da aka daɗe ana tsorata mu da ita kuwa, da ta zo, ba ta kai girman alkawarin ba.

Duk da haka zan sake kallonsa. Ka neme shi, ka bari sai daren da ake ruwa, sannan ka rubuto mini ko kai ma ka ga an tauye Gulpilil.

Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka har kullum.