Wasiƙa a kan gonarmu ta Ungogo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Kumasi, na san shirun ya yi tsawo, amma maganar da ke tafe da ni ta fi ƙarfin waya. Gonarmu ta gandu, wadda muke cin ɗanyar gyaɗa a bakinta muna yara, ita ake neman sayarwa.

Tun rasuwar Baba dillalai ba su bar zauren gidanmu ya huta ba. Makon jiya na je duba dawa, sai na tarar an yanka gonar maƙwabcinmu ta gabas fuloti-fuloti da awon igiya, an sare ɗorawar nan da Inna take samun kalwa a jikinta, tifa kuma ta juye yashi a kan kunyoyin da ko waken cikinsu ba a gama roro ba. Na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba.

Ba na musun cewa mutane na bukatar muhalli, domin tun a ƙidayar 2006 jama'ar jihar Kano ta haura miliyan 9, Ungogo da Kumbotso kuwa yanzu cikin birni ake lissafa su. Abin da ke cina shi ne irin ƙasar da ake binnewa. Kakanninmu sun noma ta shekara da shekaru ba tare da ta huta ba, saboda duk rani jakuna na ɗauko taki a mangala daga cikin birni, ga gawon da ke zubar da ganyensa da damina ya ƙara mata ƙarfi. Ka san wannan, ko da yake kai ba ka taɓa kai kunya ƙarshe ba tare da ka gudu inuwar tsamiya ba. Ƙasar da aka yi wa wannan hidima, ranar da aka ɗora mata bulo ta tafi ke nan.

Hujjar Yaya ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi gona don aikin jama'a, diyyar shuka da gini ake biya, ba ta ƙasar ba. Don haka gara mu sayar tun tana da daraja. Maganarsa ba ta banza ba ce, amma na ga waɗanda suka sayar a garinmu: kuɗin ya tafi a babur da biki, yau kuma awo suke yi da kwano a kasuwa.

Na nemi shawarar Liman, ya ce tunda ba a raba gadon ba, ina da haƙƙin shuf'a, wato ni na fi cancantar sayen kason duk wanda zai sayar. Na sa shanuna biyu a kasuwa, sauran kuma ina roƙon a bar ni in biya bayan kaka. Yaya yana jin maganarka fiye da tawa, saboda haka don Allah ka kira shi kafin zaman da za mu yi gaban dagaci ranar Juma'a ta sama.

Inna tana gaishe ka, ta ce daddawarka tana nan a ajiye.

Naka har kullum,
Amininka na Ungogo