Ba matan Nima kaɗai ke ɓata Korle ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Baƙon nan da kuka kawo ranar Asabar ya ɓata mini rai, har na kashe rediyon ina tsakar suyar kifi. Wai mu matan zango ne ke jira hadari ya haɗo mu juye bola a kwata, mu ne muka kashe tafkin Korle na nan Accra. Shi kuwa mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, kamar ba a Nima aka yanke masa cibi ba.

Ban ce ba a yi ba. Ana yi, na sha faɗa da maƙwabciyata a kai. Amma ni da nake biyan mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, kuɗin kwasar shara, a damunar bara kwana 9 bai leƙo layinmu ba. Bolar ta taru a ƙofar gida, ruwa ya zo cikin dare ya kwashe ta. Laifin wa ke nan?

Shekara 16 ina sammakon zuwa bakin teku a Jamestown sarin kifi. In an kwana ana ruwa, ku zo ku ga abin da kogin Odaw ke amayarwa ta tafkin Korle. Ledar ruwan sha kam ba a magana, masunta su ja taru da ƙyar, rabinsa roba. Amma akwai baƙin man mota yana ƙyalli a kan ruwa, akwai kumfar sabulun masu wankin mota, akwai ruwan masai da ake saki daga manyan gidaje. Wace mace ce a Nima ke juye man inji? Kogin nan tun daga gindin tsaunukan Akwapim yake tasowa, ya bi ta Achimota da Alajo da Circle da Agbogbloshie, kowa na zuba masa nasa. Masu kuɗi sun shafe tsakar gidajensu da siminti, ƙasa ba ta samun shan ruwa, duk sai ya gangaro kanmu da dattinsa. Wasu ma a kan hanyar ruwan suka yi gini. Baƙonku bai ambaci ko ɗaya ba.

Kuma ya daina yi mana wa'azi da ambaliyar 3 ga Yuni 2015. Mutum wajen 150 suka rasu a Circle daren nan, tsakanin ruwa da wutar gidan mai, Allah Ya jiƙansu. Mu muka yi zaman makoki, ba labari aka ba mu ba. Da ya tambaya mana ina aka kwana kan dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya amince da su a 2019 don gyaran Odaw. Yashin da ake yasowa a tara a bakin kwata, ruwan farko ke mayar da shi ciki.

Sannan wannan layin waya naku, Malam. Sau 7 na kira, kati na ƙonewa, ba a ɗauka. Kun kuma mayar da shirin Hausa daidai sallar magariba, wa kuke so ya saurara?

Mai sauraronku,
wata mai suyar kifi daga Nima, Accra