A daina hawa tanki don duba ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin masu kula da tankunan burtsatse masu aiki da sola a Birnin Kebbi da Argungu. Akwai na'urar da ake zura wa cikin tanki ko rijiya, tana auna nauyin ruwan da ke kanta, ta haka a san tsayin ruwan ba sai an hau tanki ba. Kowace mita 1 ta ruwa tana ba da matsi kusan kilofaskal 9.8, wato mita 10 kusan bar 1 ke nan. Galibi tana aiko da saƙo ta wayar lantarki da ke haɗe da ita, tsakanin miliamf (ma'aunin ƙarfin lantarki) 4 da 20: 4 na nufin babu ruwa a kanta, 20 kuma ruwan ya kai iyakar awonta. Idan an sayi mai auna mita 5, miliamf 12 na nufin ruwan ya kai mita 2.5.

Inda ake yawan kuskure shi ne wayar. A cikinta akwai siririn bututun iska da ke cire lissafin matsin iskar sararin sama. Idan aka lanƙwasa shi, ko laima ta shiga lokacin damina, awon zai riƙa yawo. A kai bakinsa cikin busasshen akwati mai garin tsotse laima.

Kada a kwantar da na'urar a gindin tanki, laka za ta toshe ramukanta. A ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, a ƙara wannan tsayin a lissafi. Masu tankin gas (dizal) na janareta kuma su sani gas bai kai ruwa nauyi ba, sai an sake saita ta. A haɗa mata abin kariya daga tsawa.

Naku,
Wani mai gyaran famfo, Birnin Kebbi.