Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Kan Baje Kolin Kimiyya Da Zane Na Bana

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Da fatan ku da iyalai kuna cikin ƙoshin lafiya.

Baje kolin ranar Asabar mai zuwa ne ya sa na rubuto muku. Labari ya iso mini cewa wasu na cewa yara sun ajiye karatu sun koma wasa da gilashi da fenti, har wani uba ya hana ɗansa tsayawa bayan an tashi. Maganar ta sosa mini rai, don haka bari ku ji abin da yaranku ke yi.

Taken bana shi ne yadda na'ura ke kai ido da kunne inda ba sa iya kaiwa da kansu. Ranar Talata na tsaya a kan 'yan aji uku suna maimaita gwajin da masanin taurari William Herschel ya yi a 1800. Hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, ya bazu launi-launi kamar bakan gizo a kan farar takarda. Suka ɗora ma'aunin zafi a gaba da ja kaɗan, inda ido bai ga komai ba, sai ga ma'aunin yana hawa. Wata yarinya da ba a cika jin muryarta a aji ba ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe akwai haske a nan!" Irin wannan ɓoyayyen haske ne madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba sama a Disambar 2021, yake kamawa. Ku ma ku gwada a gida: ku danna rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya, a yawancin wayoyi za ku ga ɗigon haske yana ƙiftawa.

Ƙanana kuwa takarda suka naɗe suna sauraron bugun zuciyar juna, kamar yadda likita Laennec ya fara a Faransa a 1816.

Masu tambayar me ya haɗa zane da kimiyya, ga amsarku. Lokacin da masanin taurari Galileo ya leƙa duniyar wata ta madubinsa na hangen nesa a 1609 babu kyamara. Da hannunsa ya zana tsaunuka da ramukan da ya gani. A zamaninmu ga Neil Harbisson, mai zane da aka haifa ba ya ganin launi. Tun 2004 yake da wata na'ura a kansa mai mayar da launi sauti, yana jin ja da shuɗi. Daga nan malamarmu ta zane ta samo aikin da ta ba 'yan ajinta: su rufe ido su saurari sauti, sannan su zaɓa masa launi. Ita da malamin kimiyya mako uku ke nan su ne na ƙarshen barin makaranta, ba tare da na umarce su ba. Allah Ya saka musu da alheri. Sauran malamai sun ga misali.

Bara kujerun iyaye rabi a wofi suka yini, yara suna ta waiwayen ƙofa. Kada a maimaita mana wannan. Wanda uzuri ya hana, ya turo wani babba daga gida. Mai tsohon tabarau ko gilashin ƙara girman rubutu ya ba yaro ya kawo kafin Alhamis. Kuma ku ja musu kunne sosai: ba a kallon rana ta cikin gilashi ko madubin hangen nesa, makanta yake jawowa. Waya ranar Asabar kaɗai aka yarda, ita ma a hannun iyaye.

Makara ta dawo, masu ita sun san kansu. Taron iyaye da malamai yana nan yadda aka saba. Rigunan sanyi da aka tsinta suna ofis.

Sai mun gan ku da ƙarfe goma na safe.

Naku,
Shugaban Makaranta